Sirrin Makaho da Wayar da Ke Magana

Yau za mu duba yadda kwamfuta da wayar hannu ke taimaka wa masu buƙata ta musamman, kuma zan fi tsayawa a kan 'yan uwanmu masu lalurar gani.

Akwai wata ni'ima da mai ido ba ya ko tuna ta, wato sirri. Idan aka turo maka kuɗi, kai kaɗai za ka duba alat. Idan iyalinka ta rubuto maka saƙo, ba mai ji. Makaho kuwa, shekara da shekaru sai dai ya miƙa wa wani ya karanta masa, ko ɗan jagora, ko maƙwabci, ko yaron shago. Mai karantawar ya san bashin da ake bin sa, ya san abin da likita ya rubuta, in kuma ba mai tsoron Allah ba ne ya faɗa masa abin da ba shi ne a takardar ba. A ganina, babban abin da na'ura ta maido wa makaho shi ne wannan sirri.

Ga yadda abin yake. Akwai manhajar da ke karanta duk abin da ke kan fuskar waya da murya. A wayoyin Android sunanta TalkBack, a iPhone kuma VoiceOver, wadda ta fara zuwa a wayar a 2009. Ba sayen ta ake yi ba, tana cikin wayar tun daga kamfani, kunna ta kawai ake yi. Da zarar an kunna, mutum ya ɗora yatsa a kan wani abu, wayar ta faɗi sunansa. In shi yake nema, ya ƙwanƙwasa sau biyu ya buɗe. In ba shi ba ne, ya ja yatsa dama ta faɗi na gaba. Wanda ya ƙware yakan ƙara wa muryar sauri har kai da ke zaune kusa da shi ba za ka tsinci kalma ɗaya ba, shi kuwa tuni ya gama karanta saƙo ya mayar da amsa.

Haka ma kwamfuta. In akwai ta kusa da kai, shafa harafin F da na J, za ka ji ɗan tudu a kan kowanne. Da su mai buga rubutu ke gane inda yatsunsa suke ba sai ya duba ba, shi ya sa makaho ke iya buga takarda kamar kowa. Saura abin da zai karanta masa allo. Wani Ba'amurke, Ted Henter, wanda ya rasa ganinsa a haɗarin mota a 1978, shi ya jagoranci ƙirƙiro manhajar JAWS, sai dai kuɗinta ya fi ƙarfin talaka. A 2006 wani matashi makaho ɗan Ostareliya, Michael Curran, ya fara rubuta wata mai suna NVDA, abokinsa James Teh, shi ma makaho, ya kama masa, suka sake ta kyauta. Ana iya zuba ta a filashi, ɗalibi ya sa a aljihu, duk kwamfutar Windows da ya samu ya jona ta fara yi masa magana. Ku lura, waɗanda lalurar ta shafa su ne suka ƙera maganin abinsu.

Rubutun makafi mai ɗigo shida, wanda Louis Braille ya tsara a Faransa a 1824 yana ɗan shekara 15, bai mutu ba. Akwai ma na'urar da ake haɗawa da kwamfuta ta riƙa turo ɗigon a ƙarƙashin yatsu, amma tsada ta hana yawancin ɗalibanmu samun ta. Kurame kuwa, kiran bidiyo ya ba su damar yin maganar hannu da ɗan uwa da ke wani gari.

To ina gizo ke saƙar? Na farko, muryoyin nan yawanci na Turanci ne, in suka tarar da Hausa sai su yi ta dagula ta, musamman haruffa masu lanƙwasa. Wannan aiki ne a gaban matasanmu masana kwamfuta da malaman Hausa na jami'o'inmu. Na biyu kuma laifinmu ne, mu masu ido. Katin ɗaurin aure, sanarwar rasuwa, tallar ɗaukar ma'aikata, duk sai mu mayar da su hoto mu watsa a WhatsApp. Sau da yawa abin da wayar za ta ce wa makaho shi ne "hoto", shi ke nan, an yi taron ba shi. Haka wasu manhajojin banki, an bar maɓallai ba suna, dole mutum ya sake miƙa wayarsa da lambar sirrinsa ga wani. Alhali tun Janairun 2019 aka sa hannu a kan dokar da ta haramta nuna wa masu naƙasa wariya a Najeriya.

Iyaye, yaron da ba ya gani ƙwaƙwalwarsa garau take. Tun 2017 hukumar JAMB ke da kwamiti na musamman mai shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a. Kada ku yanke masa hukuncin bara tun yana ƙarami, ku kai shi makaranta.

Kai kuma, in kana da ɗan uwa ko maƙwabci mai lalurar gani, yau ɗin nan ka zauna da shi ku kunna TalkBack, ka yi haƙuri da shi har hannunsa ya faɗa. In za ka tura sanarwa a hoto, ka rubuta bayaninta a ƙasa ko ka haɗa da saƙon murya.