Amsoshin Wasiƙunku: Zaure Ɗaya, Ɗakuna Da Yawa

Wasiƙar yau daga wani ɗan kasuwar shinkafa ce a Tudun Wada. Ya ce kwamfutocinsa biyu da kyamarar sitonsa layin intanet ɗaya suke amfani da shi. Ƙaninsa yana dubawa daga Kano, layi na amsawa, ashe kyamara ta kwana uku a mace.

To Alhaji, adireshin da ake gani daga waje guda ne, na akwatin da ke raba muku intanet. Kamar gidan gandu ne: don an amsa sallama a zaure, ba shi ne kowa a ɗaki lafiya yake ba. Adiresoshin tsohon tsari kusan biliyan 4.3 ne, babban rumbunsu ya ƙare a 2011, shi ya sa ake tarayya.

Akan ba kowace na'ura lambar ƙofarta, amma a layin waya sau da yawa kamfani kan haɗa ka da wasu a adireshi ɗaya, ba shiga daga waje. Ni dai shawarata, mai gyara ya saita kowacce ta riƙa aiko saƙo da sunanta duk minti 5. Wadda ta yi shiru, ita za a bi. In duk suka yi shiru tare, a fara duba wuta da sabis.