Matsayin Manomi Wajen Auna Haɗarin Canjin Yanayi da Shirin Tinkararsa

Gabatarwa

Wannan lacca za ta duba wata tambaya da ta daɗe tana damun ma'aikatun gona na Nijeriya da Nijar, watau wane ne ya cancanta ya faɗi irin haɗarin da canjin yanayi ke jawo wa ƙauye, kuma wa zai tsara yadda za a tinkare shi. Abin da aka saba gani shi ne a zauna a ofis cikin birni a rubuta shiri, sa'an nan a ɗora wa malamin gona ya kai wa manoma. Za a nuna, da misalai daga ƙasar Hausa, cewa irin wannan shiri yakan ci kuɗi ya watse, kuma wanda manoma suka sa hannu a cikinsa tun daga tushe shi ne yake ɗorewa. Hausawa dai sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yadda Damina Ta Canja

Fari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tsofaffi sun riƙe tarihin yunwa da sunaye, kamar Kakalaba ta 1914 da 'Yar Gusau ta 1942. Daga ƙarshen shekarun 1960 ruwan sama ya ja baya ƙwarai a yankin Sahel, har aka kai ga babban farin 1972 zuwa 1974, da kuma na 1984, wanda mutanen Maradi suke kiran yunwarsa El Buhari domin ta zo daidai lokacin da Nijeriya ta rufe iyakarta. Daga shekarun 1990 ruwa ya fara komowa, amma da wani hali dabam. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu zubar da ruwa mai yawa cikin ɗan lokaci sun ninka sau uku a Sahel tun daga 1982. Ambaliyar da ta cinye gonaki a Jihar Jigawa a 2022, da wadda ta mamaye Maiduguri a Satumban 2024, sun tabbatar wa kowa irin ɓarnar da ruwa kan yi. Saboda haka manomi yakan gamu da fari da ambaliya cikin damina guda.

Sanin Masani da Sanin Manomi

Masanin yanayi yana da ma'aunin ruwa da hotunan tauraron ɗan Adam, yana kuma iya faɗin jimillar ruwan da ake sa ran samu a lardi. Wannan ilmi ne mai amfani wanda manomi ba shi da shi. Amma tambayoyin manomi sun fi haka tsauri. Yana so ya san yaushe ruwa zai zauna, kwana nawa zai ɗauke bayan shuka, kuma ko zai kai lokacin da gero zai yi ido. Ƙauyuka biyu da ke tsakanin mil biyar, ɗaya ya sha ruwa ɗayan kuwa shukarsa ta ƙone. Cikin ƙauye guda ma, shekarar da jigawa ta yi kyau fadama takan nutse, shekarar da jigawa ta bushe fadama ce ke ciyar da gida. Wanda ya san wace gona ce ke riƙe laima, wace ce iska ke binne wa shuka da yashi, shi ne wanda ya shekara talatin yana nomanta.

Binciken da D. W. Norman da abokan aikinsa suka yi a ƙauyukan Zariya, daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, cikin shekarun 1960 da 1970, ya ba da misali mai kyau. A lokacin ana ɗaukar haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya a matsayin ci baya. Da aka auna, sai aka tarar gonar haɗin ta fi ba da riba a kowace eka, kuma ta fi tsare mai ita daga tashi hannu wofi idan ruwa ya yi gardama. Watau manomi ya riga ya auna haɗarinsa ya yi shiri, masana ne suka makara wajen ganewa.

Darasin Maradi

Bayan farin 1973 an kashe kuɗi masu yawa wajen dashen itatuwa a Nijar. Aka kafa gandayen renon dashe, aka raba dogon yaro da turare, amma mafi yawan dashen ya mutu saboda ƙishirwa da awaki da gara. A daidai wannan lokaci malaman gona suna koyar da cewa gonar kirki ita ce wadda aka share ƙal. Dokar gandun daji kuwa ta mai da itatuwa masu amfani mallakar gwamnati, har mutum yakan biya tara don ya sare reshe a gonar gadonsa. Wanda ya san itace zai jawo masa tara ba zai bar tsiro ya girma ba. Babu wanda ya tambayi manoma wannan dalili, sai aka yi ta zarginsu da jahilci.

A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsiron da ake sassabewa kowace bazara a gonakin Maradi tofo ne daga kututturan itatuwa masu rai, irin su sabara da kalgo da geza da gawo, waɗanda saiwoyinsu ke nan a ƙasa. Idan manomi ya zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi ya bari, ya datse sauran, cikin 'yan shekaru sai su zama itace. A yunwar 1984 aka haɗa wannan dabara da rabon abinci, ƙauyuka da dama suka karɓa. Da abincin ya ƙare, manoma da yawa suka sare itatuwan. Wannan ma darasi ne, domin abin da mutum ya yi don buhun hatsi yakan ƙare ranar da buhun ya ƙare.

Waɗanda suka bar nasu kuwa sun ga amfani: itacen girki a kusa, ganye ga dabbobi, raguwar iska mai binne shuka, da gero mai kyau a ƙarƙashin gawo, wanda ke zubar da ganyensa da damina. Daga nan dabarar ta bazu daga manomi zuwa maƙwabcinsa, kowa yana zaɓen irin itacen da yake so da yawan da gonarsa za ta ɗauka. Da hukuma ta sassauta riƙon dokar gandun daji, sai aikin ya ƙara ƙarfi. A ƙauyen Ɗan Saga, cikin yankin Agye, jama'a suka kafa kwamitin tsaron itatuwa da ya haɗa da mata da wakilan makiyaya, suka yi wa kansu dokoki. Da masana suka gwada hotunan sama na da da na baya cikin shekarun 2000, sun ƙiyasta cewa itatuwa wajen miliyan 200 sun komo a kan hekta miliyan 5, galibi a jihohin Maradi da Damagaram.

Haka kuma a 1989 aka kai wasu manoman Illela, cikin jihar Tawa, zuwa Yatenga ta Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa ramuka a fako a zuba taki don tare ruwa. Da suka komo suka gwada, suna kiran ramukan tassa. A farin 1990 gonakin tassa suka ba da amfani inda wasu suka gaza, har fakon da aka yasar ya zama abin saye da sayarwa. Akasin wannan ya faru a madatsar ruwa ta Bakolori kusa da Talata Mafara, wadda aka gama a 1978 ba tare da shawarar masu gonaki ba. Rikicin diyya ya kai ga asarar rayukan manoma a Afrilun 1980, masu noman fadama a ƙasan kogin kuma suka rasa ambaliyar da shinkafarsu ta dogara a kanta.

Hanyar da Ta Kamata a Bi

Na farko, a fara auna haɗari a ƙauyen kansa. A zauna da dattawa su jera shekarun fari da na ambaliya da na fara, su faɗi abin da ya ceci mutane a kowace. A zaga gonaki da ƙafa, a zana taswirar jigawa da fadama da burtali da mashaya. Na biyu, a raba zama. Matan aure ba za su yi magana a ƙofar fadar mai gari ba, alhali su suka san ranar da rumbu ke ƙarewa da nisan rijiya. Makiyayi yana da nasa haɗarin, haka ma talakan da ba shi da irin da zai sake shukawa idan binnensa ya lalace. Na uku, a kawo hasashen damina, irin wanda Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya ke fitarwa a farkon shekara, a fassara shi da Hausa, a bayyana cewa ƙiyasi ne mai iya kuskure, a aza shi kusa da alamun da manoma ke dubawa, kamar zuwan shamuwa da juyawar iska. An gwada irin wannan zama a yankin Dakoro na Nijar, inda aka ba ƙauyuka ma'aunin ruwa suna rubuta abin da ya sauka da hannunsu kafin su yanke shawarar shuka. Na huɗu, abin da ƙauye ya zaɓa a sa shi cikin kasafin ƙaramar hukuma, a kuma komo da kaka a ji abin da ya yi da wanda bai yi ba. Taron da aka tara mutane don su yi na'am da abin da aka riga aka rubuta ba shawara ba ne, manoma kuwa sukan gane shi tun daga gaisuwa.

Kammalawa

A taƙaice, ana shirin kashe kuɗi masu yawa a kan canjin yanayi, ciki har da aikin Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Idan aka maimaita kuskuren gandayen dashe na shekarun 1970, asarar za ta faɗa kan mai gona. Aikin jami'a a nan shi ne ta horar da ɗaliban gona yadda za su yi tambaya su saurara, ta kuma riƙa mayar wa ƙauyuka sakamakon binciken da aka yi a gonakinsu, cikin harshen da suke ji, kafin ruwan shuka ya sauka.