Jiki da Lokutan Shekara: Abin da Za Mu Koya daga Likitancin Indiya

 

An nemi in yi magana a kan yadda mutum zai riƙa daidaita cimarsa da motsa jikinsa da sauran kulawar da yake yi wa kansa da lokutan shekara. Na zaɓi in kai mu Indiya, domin a can ne aka daɗe da rubuta wannan ilimi a littafi, aka tsara shi babi-babi. Maganata guda ce: jikin da aka yi hunturu da shi ba shi ake shiga bazara da shi ba, don haka ba daidai ba ne tsarin kula da shi ya zama iri ɗaya daga farkon shekara har ƙarshenta. Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya.

Tsarin da Indiyawa suka rubuta

Likitancin gargajiyar Indiya, wato Ayurveda, yana da manyan littattafai. Akwai Charaka Samhita, wanda ya kai kimanin shekara dubu biyu, sannan akwai Ashtanga Hridaya na Vagbhata, wanda aka rubuta wajejen ƙarni na 7. Dukansu sun ware babi a kan abin da suke kira ritucharya, tsarin rayuwa na kowane lokaci. Sun raba shekara gida 6, kowane kaso wata biyu: farkon sanyi, tsananin sanyi, lokacin tohon itatuwa, zafi, damina, da kaka. Sun kuma ce a rabin shekarar da rana take ƙara ƙarfi tana zuƙe ƙarfin jiki, a ɗaya rabin kuwa ƙarfin yana dawowa.

Lokacin sanyi, a wurinsu, shi ne lokacin da ciki yake da ƙarfin narkar da abinci. Sai su ce a ci mai nauyi da maiƙo: madara, man shanu, alkama, sabuwar shinkafa. A shafe jiki da man riɗi kafin wanka da ruwan ɗumi. Har gobe, a bikin Makar Sankranti da ake yi a tsakiyar Janairu, alewar riɗi da mazarƙwaila ita ce abin da ake rabawa gida-gida. A lokacin sanyin ne ma suka yarda mutum ya motsa jiki sosai, amma da sharaɗi: ya tsaya a rabin ƙarfinsa. Alamar kuwa ita ce gumi ya fara tsatsafowa a goshi da hammata, numfashi ya fara fita ta baki. Masu koyar da yoga na yau, wato atisayen miƙe gaɓoɓi da daidaita numfashi na Indiya, suna bin wannan, suna ƙara yawan tsaye-tsaye da sunkuye-sunkuye masu ɗumama jiki, da numfashi mai sauri da suke kira kapalabhati.

Da zafi ya shigo, a watannin da ma'aunin zafi yake haura digiri 45 a arewacin Indiya kuma iskar nan mai ƙuna da suke kira lu take kaɗawa, sai shawarar ta juya gaba ɗaya. A rage motsa jiki, a rage yaji, a yawaita abin sha. A jihar Bihar ana dama garin soyayyen wake da ruwa, ana kiransa sattu. A wurare da dama kuma ana dafa ɗanyen mangwaro a yi abin sha da shi. Barcin rana, wanda littattafan suka hana mai lafiya a sauran lokuta, sun halatta shi a zafi saboda gajartar dare. A fannin yoga kuwa akwai wani numfashi mai suna sitali: mutum ya zauna, ya naɗe harshensa kamar bututu, ya ja iska ta cikinsa a hankali, sannan ya rufe baki ya fitar ta hanci. Iskar tana bi ta kan damshin harshe, sai a ji sanyi a baki da maƙogwaro.

A damina suka ce ciki ya fi rauni. Suka hana shan ruwan kogi, suka ce a tafasa ruwan rijiya da na tafki, a bari ya huce kafin a sha. Ku lura, sun rubuta wannan ƙarnoni da yawa kafin a gano ƙwayoyin cuta. A jihar Kerala, inda damina take sauka wajejen 1 ga Yuni, watan Karkidakam, daga tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Agusta, shi ne watan jinyar jiki: ana shan kunun shinkafa mai haɗin magunguna, ana tausa da mai.

Kwana goma sha huɗu na tsakani

Abin da ya fi jan hankalina a duk tsarin nan shi ne abin da Vagbhata ya faɗa game da mahaɗar lokuta biyu. Kwana 7 na ƙarshen lokacin da zai fita, da kwana 7 na farkon wanda zai shigo, su ne ya ce a yi hattara da su. A cikinsu ake sakin tsohuwar al'ada kaɗan-kaɗan, a kama sabuwa kaɗan-kaɗan, domin sauyin farat ɗaya yana jawo ciwo. Ilimin zamani ya zo da abin da ya yi daidai da haka a kan zafi. Jikin ɗan'adam yana buƙatar kwana 7 zuwa 14 kafin ya saba da aiki a cikin zafi. A cikin kwanakin ne ruwan jini yake ƙaruwa, gumi yake fara fita da wuri, gishirin da ke fita tare da shi yake raguwa, bugun zuciya yake sassautawa. Shi ya sa zafin farko ya fi kayar da lebura da ɗan ƙwallo, ko da bai kai na tsakiyar bazara ba.

Inda ya kamata mu tsaya

Ba duk abin da ke cikin littattafan nan ne za a haɗiye ba. Ra'ayinsu cewa jiki ya ginu a kan wasu sinadarai uku, vata da pitta da kapha, ilimin likita na yau bai tabbatar da shi ba. Sun ce a guji gishiri a zafi, alhali mai aikin ƙarfi da ya zubar da gumi yana buƙatar mayar da shi. Wani bincike da aka buga a mujallar JAMA a 2004 ya gano dalma ko zaiba ko arsenik a kusan ɗaya cikin biyar na magungunan Ayurveda da aka saya a shagunan yankin Boston a Amurka. Numfashi mai sauri kuma bai dace da mai hawan jini ko mai juna biyu ba, sai da shawarar likita.

Akwai kuma batun aƙida, kuma ba zan kauce masa ba. Duk da cewa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga tun daga Disamban 2014, yoga ta tsiro ne a cikin addinan Indiya, kuma wasu sassanta, kamar gaisuwar rana, ibada ne a asalinsu. Abin da ya shafi bauta mu bar wa masu shi. Miƙe gaɓoɓi da daidaita numfashi da lura da lokaci kuwa, ilimi ne na jiki, kowa yana da rabo a ciki.

Mu dawo gida

Mu ma shekararmu iskar damina ce take juya ta, kamar tasu. Muna da damina, kaka, hunturu da bazara, kuma kowanne da cutarsa. Sanƙarau yana tashi ne a rani, lokacin da ƙura da bushewar iska suke raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro. Mutanen Kano ba su manta annobar 1996 ba. Zazzaɓin cizon sauro na damina ne da kaka, shi ya sa tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara ƙanana maganin rigakafi wata-wata a watannin ruwa a yankin Sahel. Kwalara ma ruwan damina take bi.

Iyayenmu ba su jahilci wannan ba. Da hunturu ya kama, uwa za ta ɗumama man kaɗanya a tafin hannu, ta murza wa yaro a ƙafa da leɓe kafin kaushi da faso su kama shi, ta ba shi kunu mai zafi da citta da kanumfari. Da bazara, fura da nono da ruwan randa da ƙailula a ƙarƙashin dogonyaro, itacen da shi ma asalinsa daga Indiya ne. Da damina, zogale da rama da tafasa. Abin da muka rasa shi ne rubutu da gwaji. Ga shi kuma rayuwar birni tana shafe bambancin: abinci ɗaya, lemon kwalba ɗaya, lokacin atisaye ɗaya, ko a Janairu ko a Afrilu. Azumi ma yana matsowa da kimanin kwana 11 duk shekara, don haka sahur ɗin da ya ishe ka a sanyi ba zai ishe ka a zafi ba.

Kammalawa

Kirana ga kowa a nan shi ne, idan ka ga alamun lokaci zai juya, ka ba jikinka mako biyu. Ka mayar da aikin ƙarfi safiya kafin zafi ya kankama, ka fara tafasa ruwa tun ruwan farko, ka rataya gidan sauro kafin sauro ya iso, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ga malamanmu na sashen Hausa da na likitanci da na kimiyyar abinci kuwa, ku haɗa hannu, ku tura ɗalibai wurin tsofaffi tun suna raye, a rubuta abin da suka sani na kowane lokaci, a gwada shi, a riƙe na riƙewa, a zubar da na zubarwa. Allah ya ba mu lafiya mai amfani.