Barin Nama da Nono a Cikin Birnin Kano

Akwai tsarin ci da rayuwa wanda mai binsa yake ƙaurace wa duk abin da ya fito daga dabba: nama, kifi, ƙwai, nono, man shanu, zuma, har takalmin fata. A Ingila ya samu ƙungiya a 1944, lokacin da Donald Watson da abokansa suka kafa Vegan Society. Hujjojin masu binsa su ne tausayin dabba, lafiyar jiki, da ɗumamar yanayi. A 2013 Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kiwo ne ke jawo kashi 14.5 cikin ɗari na iskar da ɗan Adam ke ɗumama duniya da ita. Zancen ya iso Kano ta wayoyin matasa, ya kuma tarar da masu hawan jini da aka ce su rage tsire da kitse.

Tukunyar cikin ganuwa dama tun asali ta tsiro ce. Koko da ƙosai, ɗanwake da mangyaɗa da yaji, garau-garau, alala, tuwon dawa da miyar kuka wadda daddawar kalwa ta ji: duk ana iya cinsu ba tare da an taɓa dabba ba. Mai kwaɗon zogale takan dafa ganyen ta matse ruwansa, ta daka ƙuli-ƙuli ta barbaɗa, ta yanka albasa da tumatir, ta ɗiga mai ta cakuɗa da hannu. Wannan kwano ɗaya ya haɗa ganye da sinadarin gina jiki da mai. Haɗa hatsi da wake ma ba banza ba ne, domin abin da gero da shinkafa suka gaza a kansa na gina jiki wake yana cike shi. Ga kuma awarar waken suya, wadda tsadar nama ta shigar da ita kusan kowane lungu. Wanda ya je kasuwar Kurmi ko ta Rimi da niyyar cefanen da babu nama ba zai dawo hannu rabbana ba.

Matsalar gaske tana cikin jini. Sinadarin bitamin B12 ba a samunsa yadda zai wadatar sai a nama, kifi, ƙwai da nono. Hanta tana ajiye shi na shekaru, shi ya sa wanda ya bar waɗannan abinci yake jin garau da farko, daga baya kasala ta zo, jini ya yi ƙasa, ƙafafu su fara mutuwa, wani lokaci har jijiyoyi su samu illar da ba ta warkewa. Zogale ba ya maganin wannan, kuka ma haka. Dole ne a sha ƙwayarsa a kai a kai bisa shawarar likita. Sinadarin ƙarfe na wake da ganye kuwa jiki ba ya zuƙarsa kamar na nama. Lemun tsami da tumatir suna taimaka masa, shayi a kan abinci yana tauye shi.

Ga yara kuwa batun ya fi nauyi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran Arewa maso Yamma 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure. Yaron da ba ya ganin ƙwai sai jefi-jefi ba rage nama yake buƙata ba. Magidancin da tsiren dare da kilishin Agadasawa suka yi wa yawa yana iya bari ya amfana, amma ɗora wannan tsari a kan mai ciki, mai shayarwa ko ɗan yaye ba tare da kulawar asibiti ba ganganci ne.

A ɓangaren addini, malamai suna bambanta wanda ya bar nama don lafiya ko don ransa ba ya so, da wanda ya ƙudurta cewa yanka haramun ne. Na farko yana da sarari, na biyu ya haramta halal. Layya sunna ce mai ƙarfi a mazhabar Malikiyya ga mai hali, ragon suna ma yana nan ranar bakwai, don haka mai niyyar barin nama zai yanka ya rabar ko da bai ci ba. Zumunci ma yana da hakki: wanda aka kawo wa fura da nono a gidan surukai sai ya iya bakinsa.

Sashen fata ya fi wuyar karɓuwa a garin majema da dukawa, inda fatar jan akuya ta daɗe tana ƙetare Sahara har Turawa suka san ta da sunan Maroko. Mahauta, masu tallar nono da masu ɗinkin takalmi duk a jikin dabba suke cin abinci, abin da zai maye gurbin fatar kuma galibi roba ce, wadda ke toshe kwatamin Jakara. Wanda ya tsaya a kan abinci kaɗai kuwa sai ya riƙa tambaya, domin man shanu yakan ɓuya a kan tuwo, romon ƙashi da garin kifi kuma a cikin miya.