MOTAR DA TA YI HATSARI: A GYARA KO A SAYAR?

Jawabin da aka gabatar a babban taron shekara-shekara na ƙungiya



Gabatarwa

Da sakataren ƙungiya ya kawo mini takardar gayyata, na ce masa ni malamin makaranta ne, ba bakanike ba. Alli da allo na sani tun daga Kwalejin Horon Malamai ta Maru har ranar da na ajiye aiki. Ya ce ai saboda haka aka zaɓe ni, domin makanikai sun faɗi nasu, dillalai sun faɗi nasu, saura wanda ba shi da riba ko ta wane ɓangare. Na karɓa, musamman da yake na taɓa ɗanɗana wannan matsala a aljihuna.

Kowa ya san dalilin maganar. Motar da kuka haɗa kuɗi kuka saya domin kai marasa lafiya asibiti ta yi hatsari tsakanin Anka da Daki Takwas. Mun gode wa Allah ba a rasa rai ba. Tun daga lokacin tana ajiye a gareji, rana na dukanta, ruwa na dukanta, mu kuwa mun rabu biyu: masu cewa a gyara da masu cewa a sayar. A wannan tsakani, mace mai naƙuda daga Nasarawar Burkullu ko Gummi, idan aka ce sai Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, sai danginta su shiga neman shata da tsakar dare. Wannan shi ne abin da jinkirinmu yake jawowa.

Abin da ya same ni

Shekara guda bayan na yi ritaya, tsohuwar motata ƙirar Peugeot 504 ta kauce wa rami, ta faɗa wani. Mai gyara ya dube ta ya ce ƙaramin aiki ne. Na ba da kuɗi. Da aka kwance gaba, aka ce lagireto ya fashe. Da aka sa wani, aka ce inji ya ƙone domin an tuƙa ta ba ruwa bayan hatsarin. Duk lokacin da na yi niyyar haƙura, sai zuciya ta ce, ka riga ka kashe da yawa, ƙarasa kawai. Haka na yi ta ƙarasawa har babban kaso na kuɗin sallamata ya tafi. Da ta fito, fenti na ƙyalli, amma tana jan hagu, tana cinye tayar gaba ta gefe guda. Daga ƙarshe na sayar da ita a ƙasa da abin da na kashe wajen gyara. Darasin da na koya shi ne, kuɗin da ka riga ka zuba ba hujja ba ne na zuba wasu. Abin dubawa shi ne wanda za ka zuba daga yau, da abin da zai dawo maka da shi.

Tambaya ta farko: ina dukan ya kai?

Ɓarnar mota iri biyu ce. Akwai ta fata, akwai ta ƙashi. Idan ƙofa ce ta lotsa, ko gilashi da fitila suka fashe, ko bamba ta cire, wannan fata ce. Masu bugun jikin mota da masu fenti za su mayar da ita, kuma babu laifi a gyara. Idan kuwa shasi ya lanƙwashe, an taɓa ƙashi. Ƙananan motoci da yawa na wannan zamani, irin su Golf da Corolla da Sharan, jikinsu da ƙashinsu a haɗe suke, kuma an ƙera gabansu domin ya murƙushe ya shanye duka, mutanen ciki su tsira. Ƙarfen da ya riga ya murƙushe, idan aka gasa shi da wuta aka miƙar da guduma, zai yi kama da na da a ido, amma ba zai sake ɗaukar duka kamar farko ba.

Ko wanda ba bakanike ba yana iya ganin alamu. A duba ko ƙofofi suna rufuwa daidai ba tare da an ɗaga su ba. A auna tsakanin tayar gaba da ta baya a dama, a auna a hagu, a ga ko sun zo ɗaya. A duba ko jakar iska ta fashe, domin wasu sukan cusa tsumma a gurbinta su liƙe. A tambaya ko an kunna inji bayan ruwan lagireto ya zube. Haka nan motar da ruwa ya shanye, kamar yadda ya faru ga wasu a ambaliyar Gummi ta 2024, tana iya tashi yau, amma wayoyinta da na'urarta su riƙa kawo matsala wata bayan wata. Kuma kada a tsaya ga bakin mutum ɗaya. A kira makanikai biyu da ba su san juna ba, a biya kowa kuɗin dubawa, a gaya masa tun farko ba lalle shi zai yi aikin ba.

Tambaya ta biyu: me lissafi ya ce?

A nan malamin makaranta yana da abin cewa. Lambobi uku ake nema: kuɗin gyara, da kuɗin da za a sayi motar yadda take a yanzu, da kuɗin da za ta yi a kasuwa bayan an gyara. A kan kuɗin gyara ina ba da shawarar a ƙara kashi ɗaya bisa uku, domin ba a ganin ciwon ciki sai an buɗe.

Ga misali na allo, ba farashin kasuwa ba. An ce gyara naira 1,800,000. Da ƙarin sulusi ya zama 2,400,000. Masu saye sun taya ta a yadda take 1,500,000. Idan ka gyara, ka kashe 2,400,000, kuma ka bar 1,500,000 da za ka karɓa, jimla 3,900,000. Idan bayan gyara ba za ta wuce 3,400,000 ba, domin duk mai saye zai rage wa motar da ta taɓa hatsari daraja, to ka yi asarar 500,000, ban da kuɗin janwe da watannin da ta yi a kwance. Idan kuwa jimlar ta gaza darajarta bayan gyara, gyaran ya fi.

Sai dai a yi adalci ga masu cewa a gyara, domin suna da hujja. A watan Janairu na 2017 aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu. A ranar 29 ga Mayu, 2023 aka janye tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki naira, dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Motocin Kwatano da kayan gyara na Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna duk suka yi tashin gwauron zabo. Saboda haka wanda ya sayar da motar da ya san halinta, ya ɗauki ɗan abin da ya samu ya sayi wadda bai san tarihinta ba, yana iya zama an sayar da biri an sayi kare. Kada a sayar sai an san abin da za a cika a sayi wata, da inda cikon zai fito.

Tambaya ta uku: wace hanya za ta bi?

Ku da kuke birni, idan mota ta mutu muku a titi, kuna kiran bakanike ta waya ku hau Keke ku tafi gida. Mu ba haka ba ne. Duk wanda yake bin hanyar Mayanchi zuwa Anka, ko Anka zuwa Daki Takwas har Gummi, ko ya ratse zuwa Bukkuyum, ya san halin tsaro da muka shiga a shekarun nan. Motar da za ta tsaya a daji bayan la'asar, da mara lafiya a ciki, ba asarar kuɗi kawai take jawowa ba. Motar da za a iya lallaɓawa a cikin Kaduna ba lalle ta dace da hanyarmu ba. Ina roƙon masu aiko wa iyayensu tsofaffin motocin da suka gaji da su, su riƙa tuna wannan.

Idan za a sayar

Abu biyu ne wajibi. Na farko, a faɗi aibi. Malamanmu da suke karantar da Risala sun sanar da mu cewa ɓoye aibin haja haramun ne, kuma mai saye yana da ikon mayarwa idan ya gano. A shafe tsagar shasi da fenti a sayar wa direban haya, gobe ya ɗauki mutum goma, alhakinsu yana wuyan wa? Motar da ba ta da lafiyar hawa, a sayar da ita a matsayin kayan gyara: inji daban, giya daban, sauran ƙarfe ga 'yan gwangwan. Na biyu, a rubuta takardar ciniki da shaidu, a canja sunan mai mallaka a ofishin lasin. Idan aka bar takardu da sunan ƙungiya, ranar da aka kama motar da wani mugun kaya, ƙofarmu za a fara ƙwanƙwasawa.

Maganar inshora

Da yawa daga cikinmu mun ɗauki takardar inshora abin nuna wa ɗan sanda ne kawai. Tun 1 ga Janairu, 2023 Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa ta mayar da kuɗin ƙaramar inshora ta motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, tana biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3. A lura: wanda ka buge take biya, ba motarka ba. Cikakkiyar inshora ce take ɗaukar gyaran motar mai ita, kuma da muna da ita, da kamfani ne yake wannan lissafi a madadinmu. Masu shakka ta fuskar addini su sani akwai kamfanonin takaful da aka ba lasisi tun 2016. A tambayi malamai, a tambayi masana, kafin a sayi wata motar.

Kammalawa

Na je garejin da ƙafata, gani ya kori ji. Ƙofar direba ba ta rufuwa sai an ɗaga ta, kuma awon dama da na hagu sun bambanta. A ra'ayina dukan ya kai ƙashi, kuma motar ɗaukar marasa lafiya ba wurin gwaji ba ce. Shawarata ita ce a kafa kwamitin mutum uku, ɗaya daga Anka, ɗaya daga Gummi, ɗaya daga Bukkuyum, su kawo rahoton makanikai biyu a rubuce cikin kwana 30. Idan sun tabbatar da abin da na gani, a sayar a fili, a faɗi aibinta, a sa kuɗin a asusun ƙungiya, rassan birane su cika a sayi wata. Idan sun ƙaryata ni, zan fi kowa murna, a gyara. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne mu dawo baɗi mu tarar da ita a inda take, tayoyi sun sace, an zare batir, mu sake wannan muhawara.

Allah ya kiyaye mu a hanyoyinmu, ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara, ya mayar da kowa gidansa lafiya.