Kiɗan Lokacin Cin Abinci a Bikin Aure



Ubangijinmu ya halarci biki a Kana ta Galili, saboda haka murna ba laifi ba ce. Amma a liyafar aure a Samaru da Sabon Gari mukan bar wa DJ zaɓi. Lasifika na ruri har surukai ba sa jin juna, wata waƙar kuma ta sa iyaye sunkuyar da kai.

Ango da amarya su zauna da dattijo ɗaya kafin ranar, su tace waƙoƙin. Lokacin cin abinci a sa mai taushi, rawa ta biyo baya. In aka kira sallah a unguwa, a rage sauti, gama maƙwabtanmu Musulmi ma baƙinmu ne.

Allah ya taimake mu. Amin.