Kunnen yaro: jawabi a taron iyayen ƴan lakkwal



Mu malaman lakkwal, yau da laifinmu muka zo. Sau da yawa mun tsawata wa yaro, muna cewa taurin kai gare shi, ashe kunnen ne ba ya ji. Yaron da ya yi sanƙarau ko ƙyanda, ko wanda kunnensa ke zubar da mugunya, a sa mashi ido.

Gwajin gida ba wuya. Ku tsaya bayansa, nisan miƙa hannu, don kada ya ga bakinku. Ku toshe kunne guda, ku raɗa lamba uku, ya maimaita. Sannan ɗayan.

In ya kasa, sai asibiti. Can, cikin ɗaki marar hayaniya, ake sa mashi abin saurare, na'ura tana fidda sauti mai kauri da siriri. Duk wanda ya ji, ya ɗaga hannu. Da desibel ake auna ƙarfin sauti: hira wajen 60 ce, lafiyayyen kunne kuwa yana jin 20 ko ƙasa da haka. Wanda sai a 40 yake fara ji, in yana bencin baya, darasi wuce shi yake yi.

Mu za mu maido shi bencin gaba. Ku kuma, don Allah, a bar sa tsinke da gashin kaza cikin kunne.